Sunayen da ke Ƙarƙashin Duwatsun Tombstone

Ina cikin shekarata ta uku da zama a Tucson, a kudancin jihar Arizona ta Amurka, wata dattijuwa maƙwabciyata ta roƙe ni in riƙa kai ta garin Tombstone a mota ranakun Asabar, domin idanunta sun fara rauni kuma likita ya hana ta tuƙi mai nisa. Tafiyar kimanin kilomita 110 ce zuwa kudu maso gabas, ta cikin fili mai ƙaya da tsakuwa wanda ya riƙa tuna mini da dajin arewacin Katsina a ƙarshen rani. Ita da wasu tsofaffi 'yan sa kai suna haɗa rajistar mutanen da suka rayu kuma suka mutu a gundumar Cochise tun kafin Arizona ta zama jiha a 1912. Da farko tuƙi kawai ya kai ni, ina zaune a inuwa har su gama. A Asabar ta huɗu ta miƙo mini takarda da fensir ta ce in karanta mata abin da ke jikin wani allon kabari, tun da idona ya fi nata gani, kuma daga ranar na shiga aikin da na shafe shekara biyu ina yi.

Kamar yawancin sa'o'ina, finafinan kaboyi ne suka fara gabatar mini da yammacin Amurka, a gidajen kallo na ƙuruciya, inda mutum ke faɗuwa daga kan doki kuma ba a sake waiwayarsa. Tombstone na cikin garuruwan da suka haifar da wannan hoton. Wani mai neman ma'adinai, Ed Schieffelin, ya gano azurfa a tuddan wurin a 1877, bayan sojojin sansanin Huachuca sun gargaɗe shi cewa abin da zai samo a ƙasar Apache, ƙabilar 'yan asalin yankin, bai wuce dutsen kabarinsa ba, shi kuwa ya ɗauki maganar ya raɗa wa wurin haƙarsa suna da ita, domin ma'anar sunan garin ke nan, dutsen kabari. An kafa garin a 1879, cikin ɗan lokaci dubban mutane suka kwararo, gobara ta cinye tsakiyarsa a 1881 ta sake cinyewa a 1882, daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cika ramukan haƙar, jama'a suka watse. Tsohuwar maƙabartar garin, wadda yau ake kira Boothill don tunawa da waɗanda suka mutu da takalmansu a ƙafa, wato waɗanda aka kashe a tashin hankali, ta yi aiki ne daga 1878 zuwa 1884 kawai, sannan aka buɗe sabuwa a ƙarshen titin Allen.

Duk wanda ya shiga Boothill, ƙafarsa kan kai shi wuri ɗaya, wato inda aka binne Billy Clanton da 'yan'uwan nan biyu, Tom da Frank McLaury, waɗanda aka kashe ranar 26 ga Oktoba 1881 a musayar wutar da aka yi kusa da O.K. Corral, wani wurin ajiye dawakai, tsakaninsu da Wyatt Earp da 'yan'uwansa Virgil da Morgan da abokinsu Doc Holliday. Harbe-harben ba su wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, amma har gobe garin da su yake ci, ana sake kwaikwayonsu kullum don masu yawon buɗe ido. Ni ma can na fara tsayawa. Dattijuwar ta bar ni na gama kallo, sannan ta ja ni zuwa layukan baya, inda tarin duwatsu ke jere kuma allo bayan allo ba ya ɗauke da komai sai kalmar da ke nufin ba a san mai kabarin ba. Ta ce mini waɗancan uku suna da masu tuna su da yawa, aikinmu yana nan ne.

Takardar da muke cikewa mai sauƙi ce: suna, shekaru, ƙasar asali, sana'a, ranar rasuwa, sanadi, inda aka binne, da kuma madogara. Wannan gurbin na ƙarshe shi ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne ya koya mini abu na farko, cewa allon kabari shaida ce mai rauni. Allunan asali na katako ne, rana da iska sun cinye wasu, masu neman abin tunawa sun kwashe wasu, maƙabartar ta yi shekaru da yawa a yashe kafin mutanen gari su gyara ta a ƙarni na ashirin, suna dogaro da tsofaffin takardu da kuma abin da dattawa suka iya tunawa. Saboda haka allon da mutum ke gani yau sau da yawa an rubuta shi ne bayan duk wanda ya halarci jana'izar ya riga mu gidan gaskiya. Akwai ma alluna masu baitocin ban dariya, waɗanda baƙi suka fi ɗauka a hoto, da masu bincike suka nemi sunayen da ke jikinsu a takardun zamanin ba su samu ba. Ƙa'idarmu ita ce ba a shigar da mutum cikin rajista da tabbaci sai an sami madogara biyu da ba su kwafi juna ba, in kuwa ɗaya ce, a rubuta shi a nuna cewa ɗaya ce.

Wannan ƙa'ida ta kai ni ɗakunan ajiyar takardu, inda na shafe ranakun hutuna gaban injin karanta hotunan tsofaffin jaridu. Jaridar Tombstone Epitaph, wadda John Clum ya kafa a watan Mayu 1880, ita ce babbar rijiyarmu, sai kishiyarta Nugget. A nan na koyi abu na biyu, cewa mai ba da labarin mutuwa yana da ɓangare. Epitaph tana tare da gidan Earp, Nugget ta fi karkata ga makiyayan da suke rigima da su, don haka mutuwar mutum uku ɗin nan ta fito a fuska biyu, a ɗaya jami'an tsaro ne suka yi aikinsu, a ɗayar kuma akwai tambayoyi masu nauyi. Alƙali Wells Spicer ya saurari shaidu kusan wata guda ya sallami su Earp, amma allon da ke kan kaburburan mutum ukun yau yana cewa kisan gilla aka yi musu a titunan Tombstone. Da na ga haka a kan mutuwar da aka fi rubutu a kanta a duk yankin, sai na daina amincewa da layi ɗaya na jarida a kan mutuwar talaka wanda ba shi da mai kare shi. Idan jarida ta ce wani ɗan Meziko ya mutu a faɗan mashaya, ina rubuta cewa jarida ce ta faɗa, ba na mayar da maganarta hukunci.

Akwai wasu takardun da suka fi jarida sanyin rai. Ƙidayar jama'a ta 1880 tana da wani jadawali na musamman na waɗanda suka rasu a cikin watanni goma sha biyu kafin ranar ƙidayar, da shekarunsu da sanadin rasuwarsu. Ta 1890 kuwa, wadda da ta nuna mana waɗanda suka rage bayan azurfa ta ja baya, gobara ta lalata mafi yawanta a Washington a 1921, don haka tsakanin 1880 da 1900 akwai rami mai faɗi da mutane da yawa suka faɗa ciki suka ɓace. Muna cike shi da abin da ya samu: bayanan mai binciken sanadin mutuwa, takardun rabon gado a kotu, littattafan masu sayar da akwatin gawa, da rajistar baftisma da jana'iza ta coci-coci. A cikin waɗannan ne garin ya canja mini kama. A kason da aka ba ni, bindiga tana fitowa jefi-jefi, amma abin da na riƙa rubutawa mako bayan mako shi ne tarin fuka, da ciwon huhu, da agana, da mashaƙo, da faɗawa ramin haƙa, da mace ta rasu wajen haihuwa, da jariri na kwana uku, na wata biyar, na shekara ɗaya. Wata rana na ci karo da yara biyu 'yan gida ɗaya da suka rasu a mako guda, kuma a fitowar jaridar da ta ba su layi biyu an cika rabin shafi da labarin wata rigimar caca. Na kashe injin na fita waje na daɗe a tsaye, domin ina da 'ya'ya masu irin shekarunsu.

Abin da ya fi ci mini rai a Boothill shi ne labarin Bisbee, wani garin haƙar ma'adinai a gundumar. A ranar 8 ga Disamba 1883 wasu 'yan fashi suka afka wa wani kanti a Bisbee, suka harbe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ciki har da wata mace mai juna biyu. An rataye biyar daga cikinsu bisa hukuncin kotu a Tombstone ranar 28 ga Maris 1884. Na shida, John Heath, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai, gungun mutane sun fito da shi daga kurkuku ranar 22 ga Fabrairu suka rataye shi a turken wayar tangaraho. Sunayen waɗannan mutum shida suna nan a alluna, baƙi suna karantawa suna ɗaukar hoto, amma da wuya ka sami baƙon da zai iya faɗin sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe a harin. A ganina wannan zalunci ne na biyu a kansu, kuma mu masu rajista muna iya ƙara shi ba da saninmu ba, domin takardu sun fi yawa a kan mai laifi, shari'arsa ta bar shafuka, wanda aka zalunta kuwa ya bar layi ɗaya. Tun daga nan na ɗora wa kaina cewa duk lokacin da na ɓata a kan mai kisa, sai na ɓata ninkinsa wajen neman wanda ya kashe: daga ina ya zo, me yake yi, wa ya bari.

A gefen maƙabartar akwai sashen Sinawa. Sun zo yankin suna wanki da dafa abinci da noman kayan lambu, a daidai lokacin da Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatan Sin shigowa a 1882, kuma jaridun gari ba su cika damuwa da rubuta sunayensu daidai ba. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce matar Ah Lum, da ake kira China Mary, wadda ke samar wa 'yan ƙasarta aiki a gidajen gari, ta rasu a 1906 aka binne ta a can duk da an daɗe da rufe wurin. Sinawan wancan zamani suna da al'adar tono ƙasusuwan mamatansu bayan wasu shekaru a mayar da su garuruwansu na asali, saboda haka kabarin da babu kowa a ciki yana iya zama shaidar cewa dangi sun cika alkawari. Can ƙasa da tudun kuma akwai sashen Yahudawa, wanda ciyawa ta rufe shekaru da yawa kafin a gina masa abin tunawa a 1984.

Daga Boothill ana hango tsaunukan Dragoon, kuma a cikinsu ne aka binne Cochise, shugaban Apache na Chiricahua, da ya rasu a 1874. Mutanensa sun ɓoye wurin da gangan, har yau ba a nuna kabarinsa, alhali gundumar gaba ɗaya sunansa take amsawa. Mutanensa su ne mazauna wannan ƙasa kafin azurfa, kuma bayan Geronimo, wani jagoransu a yaƙi, ya miƙa wuya a 1886 an kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Fulorida a matsayin fursunonin yaƙi. A rajistarmu suna fitowa ne kusan kullum a gurbin sanadi, wato an ce Apache ne suka kashe wane, da wuya su fito a gurbin suna. Na kawo wannan magana a zamanmu, muka amince a ƙara bayani a gaban rajistar cewa takardun da muka dogara da su na baƙin da suka zo ne, kuma matattun masu ƙasa ba sa ciki. Ban ɗauki rashin alama a kan kabarin Cochise a matsayin rashi ba, domin ni ma daga mutanen da ba sa rubutu a kan kabari na fito. A maƙabartar garinmu itace ake kafawa ko fasasshiyar tukunya, damina biyu ta shafe tudun, amma a zaure ana jero sunan mamaci da na ubansa da sana'arsa da unguwarsu shekara hamsin bayan rasuwarsa. Na gaya wa dattijuwar haka a hanyarmu ta komawa, ta yi shiru, sannan ta ce matsalar Tombstone ita ce zauren ne ya watse, waɗanda za su jero sunayen sun bi azurfa da tagulla zuwa wasu garuruwa.

Aikin fili ya fi daɗi a wajena, ko da yake ya fi wahala. A bakin kogin San Pedro akwai kufai na garuruwan da suka rayu da Tombstone, irin su Charleston da Contention da Fairbank, inda ake niƙa dutsen azurfa ko ake lodinsa a jirgin ƙasa. Maƙabartar Fairbank tana kan wani ɗan tudu, ana isa da ƙafa ta cikin itatuwa masu ƙaya irin bagaruwa. Mukan tafi da asuba, da ruwan sha mai yawa da takalma masu kauri saboda macizai, kuma ba ma zuwa da rana a watan Yuni ko lokacin da hadarin Yuli da Agusta ya haɗo. Abin da ke saman tudun tarin duwatsu ne da 'yan gicciye na katako da suka yi furfura, wasu an ɗaure su da waya, wasu sun kwanta. A wurare irin wannan na koyi karanta rubutun da ya shuɗe. Ba a goga alli, ba a sa burushin ƙarfe, ba a zuba sabulu, domin duk suna cin fuskar dutse ko katako. Ana jiran hasken safe ya zo daga gefe, ko a riƙe madubi a karkato rana a kan rubutun, sai inuwa ta kwanta a cikin ramukan haruffa su fito. Na taɓa durƙusawa kusan rabin sa'a gaban wani dutse da na ɗauka babu komai a jikinsa, ina juya madubi a hankali, har lambobi huɗu na shekara suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, sannan wata kalmar Sifaniyanci mai nufin yarinya. Ba a ɗaga dutse daga kan tari, ba a miƙar da gicciyen da ya faɗi, ana ɗaukar hoto ne a auna a rubuta, a bar komai yadda aka same shi.

Kuskuren da na yi wanda har yanzu nake tunawa ya faru ne a kan teburi. Na sami wani ɗan Meziko mai dakon itace a wata takardar kotu, na sami mai irin sunansa a rajistar jana'iza, shekarun suka yi kusa, sai na haɗe su mutum ɗaya na rufe fayil ɗin ina murna. Bayan watanni wata mata daga cikin zuriyarsu ta ga rajistar ta rubuto mana cikin ladabi cewa wanda aka binne ɗan ne, uban ya rayu shekaru da yawa bayan haka ya rasu a jihar Sonora ta Meziko, kuma suna da wasiƙunsa. Da hannuna na kashe uba kafin kwanansa su ƙare, na kuma shafe ɗan daga duniya kamar ba a taɓa haifarsa ba. Abin da ya ja ni shi ne son in ga gurbi ya cika. Ya kamata in tuna cewa suna yana maimaituwa a gida ɗaya, mu da muke da Muhammadu uku a tsakar gida guda mun fi kowa sanin haka, kuma akawun da ke rubutu da Ingilishi yakan murɗe sunan Sifaniyanci ya fito iri uku, har mutum ɗaya ya zama uku ko uku su zama ɗaya. Na rubuta wa matar na ba ta haƙuri, muka raba fayil ɗin gida biyu, kuma tun daga ranar idan ban tabbata ba ina barin gurbin a buɗe in rubuta dalili a gefe, ko da fayil ɗin zai shekara a haka.

Mata su ne suka fi wuyar samu. Jarida takan kira mace da sunan mijinta kawai, allon kabari ya maimaita, takardar gado ta ambace ta a matsayin matar wane, har ka bi ta daga aure zuwa kabari ba ka ji sunan da uwarta ta kira ta da shi ba. Akwai wata da na gada daga hannun dattijuwar lokacin da idanunta suka kasa karatu gaba ɗaya: matar wani mahaƙi ce, ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwa, kuma dattijuwar ta yi shekaru tana neman sunanta. Na bi mijin a ƙidaya ban same ta tare da shi ba, domin a lokacin bai yi aure ba. Na bi rajistar aure ta gunduma, babu. Sai na tuna cewa idan jaririn ya rayu ko da na mako ɗaya ne, mai yiwuwa an yi masa baftisma, kuma limamin coci yakan rubuta sunan uwa cikakke har da na gidan ubanta. Na nemi izinin duba kwafin littafin, aka ba ni rana, na zauna ina bin layukan wani rubutun hannu mai kwanciya da tawadarsa ta koma ruwan ƙasa. A shafi na goma sha wani abu na ga sunan mahaƙin a gurbin uba, kuma a gefensa sunanta da na mahaifinta da garin da aka haife ta.

Ban kira dattijuwar a waya ba, na tuƙa zuwa gidanta da yamma na same ta a baranda. Na karanta mata sunan, ta ce in maimaita, na maimaita a hankali. Ta sa na ɗauko fayil ɗin daga akwatin da ke ƙarƙashin teburinta, ta riƙe takardar ta laluba gurbin farko da yatsa, wanda ya daɗe ba komai a cikinsa sai sunan miji, ta ce in rubuta da alƙalami, kada in sa fensir. Na rubuta, na cike gurbin madogara da lambar shafi, sannan ta tambaye ni ko littafin ya faɗi abin da ya sami jaririn. Na ce mata bai faɗa ba, amma yanzu muna da sunansa da ranar haihuwarsa, kuma ƙidayar 1900 tana nan, zan fara dubawa ranar Asabar.